Sunan Yanka na Yaya Uwani

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Annabinmu da alayensa da sahabbansa.

Daga mahaifinka a Dayi, zuwa ga Ɗan Yaya, wanda ke sauke a gidan surukansa a Ƙarfi. Gaisuwa da yarda da sa albarka. Ina fata kun isa lafiya, kai da iyalinka da abin da take ɗauke da shi, ina kuma fata jakin nan bai nuna muku halinsa a hanya ba. Ka durƙusa ka gaishe mini da surukinka da mutanen gidansa, ka ce na gode da karɓar da suka yi muku. Allah ya tsare ka a gida da daji, ya kare ka daga sharrin mutum da na dabba.

Bayan haka. Gida yana nan yadda ka bar shi, ba zan ɓata takarda a kan labarinsa ba, ka san tsadarta. Magana ɗaya ce ta sa na jiƙa tawada. Da safen da za ku tashi, kana ɗaure wa jaki kaya, ka ce mini in Allah ya sauki matarka lafiya aka sami mace, sunan Gwaggonka za ka sa mata, sannan ka tambaye ni sunanta na yanka. Na ce ka tafi, zan aiko maka da shi. Na ga ka sunkuyar da kai, ka ɗauka nauyin faɗin sunan yayata a tsakar gida ne ya hana ni. To, ba shi ba ne. Ban san sunan ba. Ciki ɗaya muka fito da ita, ga gemuna ya yi fari, ban san sunan da aka yanka wa Yaya Uwani rago da shi ba.

Na ji an ce ku masu zuwa sassabe a dajin kudu, wajen Maska, za ku tashi da zarar sauran abokan tafiya sun hallara, domin ku riga ruwan fari. In kun shiga can koguna suka kawo, ba mai ƙara ganinka sai bayan kaka. Gwaggonka kuwa ka ga yadda ka bar ta. Tun sanyin da ya wuce ba ta ƙara zuwa rijiya ba, yanzu ko kunu za ta sha sai an tallabe ta. Ban san ranar kowa ba, amma na ga tsofaffi da yawa sun yi irin wannan kwanciya, kaɗan ne a cikinsu suka ga sabon gero. Ka riƙe wannan a ranka kana karanta sauran.

Ga yadda aka yi sunan ya ɓace mana. Da aka haife ta, kakanka ya sa mata sunan mahaifiyarsa. Mutum ba ya kama sunan uwarsa, matarsa ba ta kama sunan surukarta, balle ƙannensa da sauran 'yan gida. Tun ranar suna aka ɓoye shi aka ce Uwani. Ita tsohuwar mai sunan kuwa Dada kowa ke ce mata har ta koma ga Allah. Ni a bayan mata na zo, shi ya sa ake ce mini Tanko, kuma kafin in yi wayo Yaya ta isa aure. An faɗi sunan a wurin ɗaurin aurenta, babu shakka, amma ni a ranar ina bayan gida muna kokawa da yara a kan ƙanzo. Mijin ya mutu a shekarar da mahara suka faɗa wa ƙauyensu. 'Ya'yan da ta haifa ba wanda ya kai yaye. Ta dawo gida da mazarinta da tukunyar daddawarta, duk wanda ya zo neman aurenta bayan nan ta kore shi da baki. Waɗanda suka ji sunan da kunnensu, kakanka da kakarka da 'yan'uwanmu mata, ɗaya bayan ɗaya ƙasa ta rufe su, ni kuwa ina ta noma ban tambayi kowa ba.

Saboda haka duk tsohon da Allah ya sa a hannunka, ka san sunansa da na ubansa tun yana iya magana. In kana jin nauyinsa, ka tambayi wani a gefe. Abu ne mai sauƙi ƙwarai, shi ya sa ake ta ɗaga shi.

Kai ba sai an gaya maka wace ce ita ba, amma akwai abin da yaro ba ya gani. Kai ne ɗan fari, ni da mahaifiyarka ba mu da ikon ɗaukarka a gaban mutane, don haka ana yaye ka aka miƙa mata kai. Ta kwance zanenta ta goya ka. Da kai a bayanta take wanke kalwa a rafi, da kai take zuwa kasuwa. Shekarar da ƙyanda ta shigo gari ta kwashe yara, ta rufe kanta da kai a ɗaki, ko ni ba ta yarda in leƙa ba, sai da ka fito kana tafiya kamar ɗan tsako. Zaren rigarka ta farko ita ta kaɗa shi. Ina faɗa maka wannan ne domin ka san niyyar da ka yi tana kan hanya, kuma ka san ni ma na taɓa yin irinta, har fiye da sau ɗaya.

Ta farko ita ce lokacin cikin ƙanwarka mai bi maka. Na sami Yaya tana kaɗi a inuwar rumbu, na ce, "Yaya, in mace ce, taki ce." Ba ta ɗago ba. Ta shafa alli a yatsa ta ce, "Allah shi sauke ta lafiya." Na ɗauka maganar ba ta shige ta ba. Ashe a kasuwar da ta biyo ta sayi 'yar akuya ja, ta kuma kai zare wurin masaƙi, domin ka san mai suna ba ta karɓar takwara hannu banza. A lokacin tsohon liman yana da rai, shi ya ɗaura wa Yaya aure. Da a ce na duƙa na ce masa, "Sunan Uwani," da ya wadatar, da ni ma na ji shi daga bakin maroƙi tare da kowa.

Aka haifi mace. Kakarka ta wajen uwa ta zo daga Gozaki yin wankan jego. Allah ya ji ƙanta, mace ce mai aiki, kuma mai murya. Ita ke faskare, ita ke dafa ruwa safe da yamma, ita ke dama kunun kanwa, kuma duk wanda ya gitta sai ya ji labarin wahalar. Ana jibi suna ina shigowa daga gona na ji tana gaya wa wata maƙwabciya, da muryar da za ta kai zaure, "A garinmu dai in mutum ya ƙone hannunsa a ruwan jego, akan tuna da shi." Na wuce kamar ban ji ba, amma maganar ta bi ni. Na auna na ga Yaya tamu ce, ba inda za ta, surukuwa kuwa in ta koma Gozaki da fushi sai garin duka ya ji. Ranar suna da safe maza suka cika zaure, aka raba goro, liman ya miƙo mini kunnensa. Ban shawarci kowa ba na raɗa masa sunan surukata.

Da maroƙi ya ɗaga murya ya faɗa, mata suka yi guɗa. Na shiga cikin gida na iske Yaya tana tuƙa tuwon baƙi. Ta ci gaba da tuƙinta. Da yamma ta kai wa jaririyar zanen da ta sa aka saƙa, ta ce Allah ya raya. Akuyar kuwa ta riƙe. Ita ce ta yi ta haihuwa har awaki suka cika mana bayan gida, waɗanda kuka tashi kuna jin ana ce musu awakin takwara ba ku san dalili ba. Ko a shekarar yunwa ba ta yarda an taɓa su ba, sai da aurenka ya zo ta sa aka kora su kasuwa.

Abin da na koya a nan, ka yanke sunan tun kafin ka shiga zaure, ka kuma gaya wa wani babba ɗaya wanda za ka ji kunyar saɓa masa. Zaure ranar suna ba wurin tunani ba ne. Ga idanu, ga hayaniya, ga liman yana sauri don wani gidan na jiransa, a nan mutum yakan faɗi sunan wanda ya fi tsoro. Mai haƙuri ba ya cikin lissafinka a wannan sa'a, domin ka san ba zai tayar maka da hankali ba.

Ta biyu ba ta da tsawo, kuma ko uzurin tsoro ba ni da shi a cikinta. Akwai wani mai hali da ke da fadama a gefen rafi, ni kuma raina ya biya in yi rake. Da aka sake haifa mini mace, sai na sa mata sunan uwargidansa. Ya ji daɗi, ya yanka mini wani gefe. Yaya ta tare ni a bakin rumbu ta ce, "Tanko, suna kau ya yi daraja bana. Halan har da irin raken aka haɗa maka?" Na yi dariyar dole na wuce. Ban daɗe ina cin fadamar ba ruwa ya kawo yashi ya binne ta, uwargidan kuwa ko ɗan dutsen wuya ba ta taɓa aiko wa takwararta ba, in sun haɗu a hanya ma ba ta gane ta. Kada ka sayi komai da sunan ɗanka. Abin da ka saya zai ƙare, yarinyar kuwa da sunan za a kai ta ɗakin miji, da shi za a yi mata salla.

Ta uku ba ni na karkatar da ita ba. Mahaifiyarmu ta rasu mahaifiyarka na da tsohon ciki. Bayan an share makoki Yaya da kanta ta zo ta same ni ina gyaran fartanya, ta ce, "Tanko, wannan mai zuwa ta Inna ce. Kada ka ko tuna da ni." Gaskiya ta faɗa, kuma da ba ta faɗa ba haka za a yi. Kuskurena shi ne saurin da na yi na ce to, da kuma sanyin da na ji a raina, kamar an sauke mini dami. Ita haihuwa ɗaya ta yafe, ni kuwa na ɗauka ta yafe har abada. A wannan daminar tsohon liman ya rasu. Daga nan kuma Allah bai ƙara ba ni mace ba, sai ƙannenka maza.

Tun da na zo kan Iya, ƙanwarka da aka haifa a wannan karon, bari in gaya maka abin da sunan ya yi mata, don kai ma yana gabanka. Sunan uwata gare ta, saboda haka ban taɓa ɗaga mata murya ba. Mahaifiyarka ba ta da hannun dukan surukarta. In an aike ku itace, ita tana zaune, wa zai aiki Iya? In ta zubar da fura sai a yi dariya a ce tsohuwa ta yi ɓarna. Ka san yadda ta tashi, ka kuma san sau nawa na je gidan mijinta ba da haƙuri. Ba laifinta ba ne, mu muka ga uwa a inda yarinya take. In ka sa wa 'yarka sunan wanda kake ƙauna, ka girmama mai sunan a zuciyarka, ita kuwa ka rene ta yadda ake renon 'ya'yan mutane. Ta yi daka, ta ɗebo ruwa, in ta yi ƙarya a ja mata kunne.

Akwai kuma wani kuskuren da ya fi waɗannan daɗewa, shi ne na ɗauki shirun Yaya a matsayin yarda. Ka duba tsofaffin matan unguwarmu. Kowacce tana da takwara mai zuwa ta share mata ɗaki, ta tsefe mata kai, ran salla ta kawo mata tuwo a sabon akushi. Wadda ba ta haifa ba ma, in tana da takwara, ba a ce mata ba ta da kowa. Wata rana ƙawarta Gwamma, Bamagujiyar nan da ke kawo mata kalwa daga ƙauye, tana zaune suna auna kaya, na ji ta ce, "Ke Uwani, gida cike da ɗiya haka, babu mai sunanki ko guda? Mu can ko ɗan akuya ka ba mutum sai ya yi maka takwara." Yaya ta ce, "Nawa nauyi gare shi, ba su iya ɗauka." Suka yi dariya. Ina jin su ta bayan zana, na saɓa garmata na tafi gona, na ce a raina ai ga shi ita ma wasa take yi da abin. Mutumin da ya iya mayar da ciwonsa wasa, shi ya fi kamata ka zauna ka tambaya, domin ba zai taɓa kawo maka ƙara ba.

Yanzu ga abin da ya faru bayan tafiyarku. Na yi ta kewaye-kewaye. Na je wurin tsofaffin gari biyu-uku da nake zaton sun halarci aurenta, kowa ya ce shi Uwani ya sani. Da na ga babu hanya sai ita, na shiga wurinta da hantsi. An fito da ita bakin ƙofa a kan tabarma tana shan rana. Na tsuguna na gaishe ta.

Na ce, "Yaya, yaron nan ya ce in mace aka samu, taki ce."

Ta ce, "Wa ya ce? Kai ko shi?"

Na ce, "Shi."

Ta ce, "To, in shi ne na ji."

Ina wasa da tsinke a ƙasa na ce, "Sai dai ya tambaye ni sunan."

Ta juyo da fuskarta wajena, ta dube ni da idanun nan da suka yi fari, sai ta kama dariya har tari ya sarƙe ta, sai da na ba ta ruwa. Ta ce, "Ashe ba ka sani ba, Tanko."

Na ce, "Ban sani ba, Yaya."

Ta ce, "Na san ba ka sani ba. Jira nike in ga ranar da za ka tambaya."

Na ce, "To, ga ni na tambaya."

Ta ce, "Ka makara. Ba kai zan ba ba. Kai in na ba ka, kana isa zaure wani mai murya ya yi gyaran murya, ka yar da shi ka ɗauki nasa. Wanda zai sa shi zai zo ya amsa. Kunnensa nike so."

Na gaya mata kana Ƙarfi, abokan tafiya na jiranka, ruwa ya kusa. Ta ce, "Ƙarfi ce nisa? Na sha zuwa kasuwar Ƙarfi da shi a bayana, ga daddawa a kaina. Shi da ƙafafunsa biyu, ba goyo ba kaya, mi zai hana shi?"

Ka san ni da saurin hawa. Raina ya ɓaci, na ce, "Yaya, wannan ai rigima ce. In Allah ya ɗauke ki kafin ya zo fa?"

Ta ce, "Sai in tahi da abina. Da ma ba wanda ya taɓa aiki da shi."

Na miƙe zan fita, ta ce in zauna ba ta gama ba, akwai saƙon da zan ba ka, kuma in faɗe shi yadda ta faɗa kada in gyara mata. Ga shi.

"Ka ce masa in ya sa, ban yarda a ɓoye ba. Kada a ce mata Uwani, kada a ce mata Gwaggo Ƙarama, kada a ce Mai-sunan-Gwaggo. A kira ta da shi. A aike ta da shi. In ta fasa tulu a zage ta da shi, har maƙwabta su ji."

Na ce, "Yaya, ke kika rene shi. Yaya za a yi ya kama sunanki a bainar jama'a? Sai a ce ba shi da tarbiyya, kuma ke za a zaga."

Ta ce, "Kunyar tawa ce, na yafe. Can cikin daji wa ya san ni?" Ta numfasa ta ce, "Kai ba ka gane ba, Tanko. Sunan nan sau biyu aka faɗe shi a duniya. Ran suna ban da wayo. Ran ɗaurin aure ina ƙuryar ɗaki a lulluɓe, maza ne suka ji a waje. Ni Dada ta gaya mani. Tana yi mani kitso ina 'yar ƙarama, ta duƙo ta ce, ke takwara, kin ko san sunanmu? Ta raɗa mani, ta ce in riƙe bakina. Tun ranar ban sake jin shi a bakin mutum ba. Wani lokaci in ina kaɗi nakan faɗe shi a hankali, don kada ni ma in mance."

Daga nan ta ce rana ta dame ta, a mayar da ita ɗaki. Na kira mahaifiyarka muka kama ta. Na daɗe ban ji kunya irin ta wannan hantsin ba, na kuma ji tausayinta har na kasa zuwa gona.

To, ga shawarata, kuma shawara ce, kai yanzu magidanci ne. Ka juyo. Na san abin da nake nema daga gare ka, ni ma manomi ne. In abokan tafiyarka suka riga ka, su za su zaɓi gefen rafi su bar maka tudu mai tsakuwa. In ruwan fari ya sauka kana hanya, shukarka za ta bi bayan ta kowa, kuma shekarar farko a sabon wuri ita ce mai wuya, ba rumbu ba dangi. Ba zan ce maka wannan ƙaramar hasara ba ce. In ka ga dama ka roƙi wanda ka fi yarda da shi a cikinsu ya kafa maka alama a inda ya dace, ni kuma zan haɗa ka da ƙanenka ya taya ka sassabe har ku cim musu. In an samu haka, to. In ba a samu ba, tudun ma ana nomansa, na noma irinsa na ci na ciyar da ku.

Kafin ka taso, ka sami surukinka shi kaɗai ka gaya masa niyyarka. Matarka a gidansu za ta haihu, uwarta ce za ta sha hayaƙin jego, kuma tana da haƙƙin ta sa rai. In sun ji tun yanzu, daga bakinka, tare da dalili, za su ce Allah ya sa albarka, ko da ransu bai so ba. In kuwa sai ranar suna suka ji daga bakin maroƙi, za su riƙe ka da shi shekara da shekaru. Ka yi wa surukarka alheri ta wata hanya, ka kuma gaya mata ta gaba tata ce, in har ka san za ka cika. In ba ka tabbata ba kada ka faɗa.

In Allah ya kawo namiji, ka sa masa abin da ka ga dama, ni ban roƙe ka nawa ba, kada ma wani ya sa ka jin nauyina. Sunan Gwaggonka kuwa ka ajiye shi a cikinka, ka kuma gaya wa matarka don kada ya zauna a bakin mutum ɗaya. Mace ta farko da za a haifa maka, ko wa ya mutu a shekarar, ko wa ya yi maka alheri, ko wa ya yi fushi, tata ce.

Game da sharaɗinta kuwa, na juya shi a raina sosai. Da farko ya yi mini nauyi, domin ba haka muka tashi muka gani ba. Amma ɓoye suna don girmama mai shi ake yi, ga mai shi kuma ta ce ba ta so. Ban ga inda addini ya hana uba kiran 'yarsa da sunan da aka yanka mata rago da shi ba. Bakinka zai yi nauyi a kwanakin farko, daga baya ya saba. In matarka ta kasa, kada ka matsa mata, ta sa mata laƙabin da ta ga dama. Kai dai ka kira.

Allah ya kai ka inda ka nufa lafiya, ya dawo da kai lafiya. Allah ya sa ƙasar da za ka sara ta karɓe ka, ya tsare ka daga maciji da mahara da mugun maƙwabci. Allah ya sauki iyalinka cikin sauƙi, ya raya abin da za a samu a kan tafarkin Annabi. Mahaifiyarka tana sa maka albarka, ƙannenka suna gaishe ka.

In ka iso, kada ka tsaya gaishe ni a zaure, ka wuce ɗakinta kai tsaye. In ta raɗa maka, kada ka miƙe nan da nan. Ka kira ta da shi sau ɗaya, da murya, yadda ake kiran mutum daga tsakar gida. Sannan ka ɗan jira, don mai yiwuwa da farko ba za ta gane da ita ake ba. Ni ina bakin ƙofa.

Wassalamu.